Kunnen da Ya Rage

Talata, da hantsi

Maigida ya tafi gareji da auduga a kunne, kansa a karkace kamar mai leƙen ƙarƙashin mota. Tun shekaranjiya abin ke damunsa, sai yau ya yarda ya faɗa, shi ma don na kama shi yana sosawa da makullin babur. Na ce wane kunnen, ya ce na dama. Da na hagu ya ce, da ban ɗauko biro ba.

Na hagun ya daɗe da mutuwa. Tun yana saurayi, kafin ya san ni, taya ta fashe masa a gefen fuska, daga ranar kunnen ya zama na ado. Da ɗayan nan muke ci muke sha. Makanike ne da ba ya kwance inji sai ya saurare shi: ya ɗora bakin dogon sukudireba a jikin injin, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido, sannan ya gaya wa mai mota abin da ke damunta. Da kunnen nan ya yi rufin gidan nan, da shi ya yi wa yara karatu. Ni ma tun da aka kawo ni gidan nan a damansa nake zama, a damansa nake tafiya, har jikina ya saba ba sai na tuna ba.

Alhamdulillahi babu zazzaɓi. Na ba shi farasitamol, na ɗumama tsumma da dutsen guga na sa ya dafa a wurin, ya ce ya ji dama-dama.

Laraba, bayan la'asar

Na je kemis na bakin layinmu neman maganin ɗigawa, mutumin ya ƙi sayar mini. Wai sai an leƙa cikin kunnen an ga ko dodon kunnen lafiyarsa lau, don akwai maganin da in ya wuce ciki ɓarna zai yi. A raina na ce yau na ga ɗan kasuwar da ke korar ciniki.

Ya yi ta jero mini tambayoyi kamar ni ce marar lafiyar. Tun yaushe? Akwai ruwa yana fita? Jiki da zafi? Jiri fa? Ya ce yawancin ciwon kunne yakan lafa da kansa cikin kwana biyu zuwa uku, maganin rage zafi da tsumma mai ɗumi sun isa, kada dai a zura komai a ciki, kada ruwan wanka ya shiga. Har na juya zan fita ya tuna ni ce mai sayen ƙwayar suga ta Maigida duk wata. Nan fuskarsa ta canza.

"Mama, mai ciwon suga ba ya jiran kwana uku. Kuma kin ce kunnen ɗaya ne. Gobe ku je asibiti."

Na kawo saƙon gida yadda aka ba ni. Injiniya, wato Maigida, ya ce motoci uku ke jiransa, ba zai je ya wuni a layi don kunne ba. Na ce kunnen ai shi ne garejin. Ya yi kamar ta hagu na yi maganar.

Alhamis, da safe

Bai yi barci ba. Ni ma haka. Ya tafi aiki.

Juma'a, da yamma

Yau ƙanin mijina ya rako shi gida. Shi ke faci a gefen garejin, kuma tun ina amarya ni da shi ba ma haɗuwa mu rabu ba mu yi tsiya ba. Ya shigo yana washe baki, wai matarmu ki kwantar da hankalinki, an gama da ciwon. Na ce da me? Ya ce man birki. Ɗigo uku, da hannunsa ya ɗiga.

Na san 'yan gareji da man nan. In ƙarfe ya yanke su shi suke tsiyayawa, in sun ƙone shi suke shafawa, saura kaɗan su fara zuba shi a shayi. Amma ban taɓa zaton za su kai shi kunne ba. Na yi masa tatas, ya ce ni tela me na sani game da mai ban da na keke. Maigida na zaune ya dafe gefen kai, ya ce tun da aka ɗiga abin ke yi masa zugi, wai alamar maganin na aiki ne.

Ya kasa tauna nama. Na ga yana tura shi gefen kwano yana satar kallona, na yi kamar ban gani ba.

Asabar, da azahar

Ƙwaya biyu-biyu yake sha, da ta sake shi ya nemi wata. Na ɓoye kwalin a cikin akwatin zare, ina ba shi a kan lokaci kamar yadda aka rubuta a jiki. Jikinsa ya yi ɗumi. Auta ta kira daga makaranta, na ce mata kowa lafiya, Babanta na hutawa.

Lahadi, da hantsi

Alhamdulillahi! Ciwon ya fashe. Mun tashi mun tarar da matashi ya jiƙe da ruwa mai kauri, ruwan ɗorawa-ɗorawa da ɗan jini, zafin kuma ya tafi kamar an zare ƙaya. Ya ci abinci har ya nemi ƙari. Ƙaninsa ya zo yana ɗaga kafaɗa, wai a ba shi tukwicin likita. Na ba shi shayi, na ce wannan ma don Allah ne.

Na wanke rigar matashin ina waƙa. Na jima ban ji sauƙi a ƙirjina kamar na yau ba.

Litinin, da la'asar

Kekena ya fara wata ƙara daga ƙasa, ƙas-ƙas, ƙas-ƙas, duk sanda na taka. Ba ta da ƙarfi, amma irin wadda Maigida ba ya bari ta kwana ce. Mutumin da daga uwar ɗaka yake ƙwala mini kira wai allurata ta lanƙwashe, tun kafin ni mai ɗinkin na lura. Yau yana zaune a tsakar gida, tsakaninsa da keken bai fi taku kaɗan ba, na ɗinke riga guda cur. Bai ɗago ba.

Wataƙila audugar ce.

Talata, bayan isha'i

Ruwan bai tsaya ba, kuma ya fara wari. Zazzaɓin ya dawo. Na yi masa magana daga bakin ƙofar kicin, ta dama, sau biyu. Sai da na zo gabansa ya ga bakina na motsi.

Na wuce ta gaban kemis ɗazu, na sauya hannu na bi ɗaya gefen titin. Kunyar mutumin nake ji.

Laraba, da magariba, a asibiti

Ban san ta inda zan fara ba. A kan cinyata nake rubutun nan.

Da safe ya ce zai sauke ni kasuwa in sayo yadi. Na hau bayan babur, muka ɗauki hanya, ina kallon ƙeyarsa kamar yadda na saba. Idon tela ba ya ƙyale abu biyu da ya kamata su zo daidai. Sai na ga kunnen dama ya buɗe ya turo gaba, ya fi na hagu nisa da kai. Bayansa ya yi ja, ya kumbura, har lanƙwasar nan ta bayan kunne ta shafe. Na kai yatsa na taɓa kaɗan. Ya yi wata zabura, babur ya yi tangal-tangal, Allah ne kawai ya tsare ba mu shiga kwata ba.

Da ya tsaya na sauka, na zare makullin, makullin nan dai da yake sosa kunnen da shi, na jefa a jakata. Ya ce mene ne haka a gaban mutane. Na zagaya gabansa yadda zai ga bakina.

"Kai ne kullum kake faɗa da masu mota. Ka ce suna jin ƙara a inji sai su ƙure rediyo, ba sa zuwa sai ya buga. Sati guda ke nan kana ƙure rediyo da farasitamol."

Na ɗauka zai yi faɗa, na ma shirya masa amsa. Sai ya ce, a hankali, tun jiya in ya sunkuya ƙasa ke juya masa. Muka bar babur wajen wani mai shago, muka tari tasi.

Likitar yarinya ce, ba za ta girmi babbar 'yarmu ba. Ta leƙa kunnen da 'yar fitila, ta danna bayansa, ta sa ya ɗaga gira, ya rufe ido, ya yaƙe haƙora, tana duban ko fuskar ta karkace. Ba ta karkace ba, alhamdulillahi. Ta sa aka auna suga, aka tarar ya hau sosai. Ta ce zafin da ya tafi ran Lahadi ba warkewa ba ce, dodon kunnen ne ya huje mugunya ta samu hanya, ciwon kuma yana nan, yanzu ya shiga ƙashin bayan kunne. Ni kuwa ranar wanke matashi na yi ina waƙa.

An ba shi gado. An sa masa ruwa, ana zuba allura a ciki.

Likitar ta kira ni bakin ƙofa ta gaya mini wani abu game da inda ƙashin nan yake da abin da ke maƙwabtaka da shi. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Alhamis, da asuba

Ya kwana. Na gode wa Allah.

Alhamis, da la'asar

An ɗauki hoton kansa. Ciwon bai haura sama ba, a ƙashin ya tsaya. Likita ta ce mun zo a kan gaɓa, ta ce wa ya lura da kumburin, na ce ni. Ta ce Mama kin kyauta. Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba, ni da ko a gidan rasuwa sai na matsa.

Ta tambayi ko an zuba wani abu a kunnen. Maigida bai ji tambayar ba, ni kuma na yi shiru ina duban ƙasa, don ƙaninsa na tsaye a bayana riƙe da fulas. Sai na ji muryar ƙanin, ƙasa-ƙasa, ba irin wadda na sani ba. Ya ce shi ne, man birki ne, shi ya ɗiga da hannunsa, in akwai laifi nasa ne. Likita ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce man ya ƙone fatar ramin kunnen ya ƙara wahala, amma asalin ciwon daga can ciki yake, sugan da ya hau ne ya ba shi ƙarfi, jinkiri kuma ya ba shi lokaci. Ta ce ko man zaitun ne, ko ruwan albasa, ko maganin kemis, ba a zuba komai a kunnen da ke ciwo sai wanda ya sani ya leƙa.

Ƙanin ya fita waje. Da na bi shi na tarar ya haɗa kai da bango. Na ce ai sai ka bar kukan, likitan gareji, ka je ka ɗauko babur ɗin yayanka kafin mai shago ya sayar. Ya yi dariya yana share hanci. Na miƙa masa makullin.

Juma'a, da hantsi

Gobe za su yi aiki su kwashe mugunyar da ta taru a ƙashin. Na sa hannu a takarda. Na tambayi likita abin da ke cina tun ran Laraba, ko zai ci gaba da ji. Ta ce yanzu ransa da kansa suke tsarewa tukuna, maganar ji sai kumburi ya sauka. Ba ta yi mini ƙarya ba, kuma na gode mata da hakan, ko da yake a lokacin ji na yi kamar in girgiza ta.

Na kira Auta na gaya mata gaskiya. Ta yi fushi da na ɓoye mata, kuma tana da gaskiya. Tana hanya.

Asabar, da yamma

An fito da shi. An naɗe kan da bandeji, ta gefen dama ya yi tudu. Da ya farfaɗo abin da ya fara tambaya shi ne wa ya rufe gareji, kuma da ƙarfi ya yi tambayar, har na gadon ƙarshe ya juyo. Ba ya jin muryar kansa.

Alhamdulillahi. Alhamdulillahi. Na ajiye biro a nan.

Litinin, da azahar

Yanzu da hannu muke magana, da ido, wani lokacin Auta ta rubuta masa a waya ta nuna masa. Ita ta fi ni haƙuri. Ni in na yi nuni sau biyu bai gane ba sai in ji raina ya ɓaci, sai kuma in ji kunyar kaina.

Wani abu ya faɗo mini yau da ya sa ni dariya ni kaɗai. Duk zamanmu, in ya ɓata mini rai, ta hagunsa nake zagayawa in yi gunagunina. Sarkin taurin kai, na-ƙi-ji, duk a can nake sauke su, in dawo ta dama in ce ga abincinka. Yanzu ko ta ina na tsaya hagu ne. Ɗazu na gwada, na tsaya a damansa na ce sarkin taurin kai, ka ga inda ka kawo mu. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce na gode. Wallahi babu daɗi ko kaɗan, sai da na fita na zauna a benci.

Laraba, da safe

Zazzaɓi ya sauka tun jiya bai dawo ba. Suga ma ya fara jin magana. Nas ɗin safe, wata doguwa mai yawan tsokana, tana kiransa angon ɗaki saboda rawanin bandejin. Ita ke wanke wurin, hannunta da sauƙi. Allah ya saka mata.

A gadon da ke kallon namu ta ɗaya ɓangaren akwai wata mai goyo da ta kawo 'yarta, ita ma kunne. Yarinyar ba ta iya magana ba tukuna, uwar ta ce ta ga tana ta jan kunne tana ƙin nono ga zafin jiki, ba ta tsaya shawara da kowa ba ta goyo ta. Kwana ɗaya suka yi aka sallame su da magani. Na bi bayansu da kallo. Uwar nan, yarinya ƙarama, ta fi mu wayo, mu masu furfura.

Juma'a, da la'asar

Mun dawo gida. Maƙwabciyata ta share tsakar gida, ta cika randa, ta kwashe shanyar da na bari tun ranar da muka fita sayen yadi. Masu ɗinki kuma ba wadda ta zo ta yi mini rashin mutunci, har mai kayan bikin da na saɓa wa alkawari cewa ta yi in bari sai na nutsu. Mutane na da kirki, mu ne ba ma lura sai mun faɗi.

An ba mu magunguna da sharuɗɗa. Ruwa kada ya shiga kunnen, in zai yi wanka a toshe bakin da auduga mai man shafawa. Kada ya fyace hanci da ƙarfi. A shanye maganin duka ko ya ji garau. In zazzaɓi ya dawo, ko ciwon kai mai tsanani, ko wuya ya sanƙare, ko fuska ta karkace, ko amai da jiri, a dawo a take, ba sai ranar da aka ba mu ba. Auta ta sa na maimaita mata su kamar 'yar makaranta kafin ta yarda ta koma.

Na biya kemis na gaya wa mutumin abin da ya faru. Na shirya jin ai na gaya miki. Bai faɗa ba. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya tambayi sunan magungunan, ya nuna mini wanda ake sha bayan an ci abinci. Na ce masa na gode da ya ƙi sayar mini da abin ɗigawar nan, ya ce aikinsa ke nan.

Lahadi, da hantsi

Na koma kan keke. Ƙarar na nan, ta ma ƙaru. Na ɗauko 'yar kwalbar mai zan ɗiga, sai na mayar da ita cikin aljihun keken. Ba zan taɓa shi ba. Akwai mai gyaransa.

Talata, da yamma

Ƙas-ƙas, ƙas-ƙas. Yana zaune a tabarma yana kallon bango. Bai ce komai ba.

Alhamis, bayan azahar

An cire zaren ɗinkin. Na duba aikin da idon sana'a, ba laifi, layin ya miƙe. Likita ta ce ramin kunnen har yanzu a kumbure yake, hujin dodon kuma yakan rufe da kansa cikin makonni, wani lokacin sai an taimaka masa. Ta buga wani ƙarfe mai baki biyu ta ɗora masa a ƙashi, ya ce yana jin ɗan kuka. Ta kawo shi saitin kunnen, ya girgiza kai. Ta ce jin da ya yi ta ƙashi alama ce mai kyau, can cikin da rai. Na riƙe wannan maganar, ita nake juyawa tun ɗazu.

A hanyar dawowa ya ce a bi ta gareji. Ƙaninsa ya riƙe wurin, yana facinsa yana karɓar ƙananan gyare-gyare, manyan kuma yana ba masu su haƙuri. Wani mai tasi, tsohon abokin cinikinsa, ya tayar da mota ya ce Oga saurara mini wannan. Maigida ya ɗauki sukudireban, ya kai shi rabin hanya, ya tuna da auduga, ya tsaya. Ya ɗora tafin hannu a kan injin ya daɗe. Daga baya ya ajiye sukudireban ya ce a kai wa wani. Mai tasin ya kashe motarsa ya ce ba ya sauri, zai lallaɓa ta har Oga ya warke.

Ba mu yi magana ba har gida. Ko da mun yi ma.

Asabar, da safe

Jiya ya ce mini, da babbar muryar nan tasa, in abin bai dawo ba zai sayar da kayan aiki ya buɗe shagon sayar da mai da batir. Ya faɗa yana dariya. Na rubuta masa a bayan kwalin magani cewa ban auri mai shago ba. Ya karanta, ya ninke kwalin, ya sa a aljihu.

Ina godiya, Allah ya sani ina godiya. Mutum na nan da ransa, yana ci yana sha, fuskarsa daidai, hankalinsa daidai. Abin da likita ta gaya mini a bakin ƙofa bai faru ba. In ma iya nan aka tsaya, an yi mana gata. Amma ina son ya ji ni. Na faɗa, ina son ya ji ni, ko da gunagunin ne.

Litinin

Ƙas-ƙas. Shiru.

Laraba, da la'asar

Wata mai kawo ɗinki ta zo da ɗanta yana dafe da kunne, wai kwana huɗu ke nan, tana ɗiga masa ruwan tafarnuwa. Ban san sanda na miƙe ba. Na karɓe yadin na ce ba zan auna ta ba sai ta kai shi an duba, na juya yaron na leƙa bayan kunnensa. Ba kumburi, alhamdulillahi, amma jikinsa da zafi. Ta ce Mama kin zama likita ne? Na nuna mata Maigida da tabon da ke bayan kunnensa, na ce a'a, makaranta na shiga, ga allon can zaune. Ta ja ɗanta suka tafi. Daga baya ta aiko cewa an ba su magani.

Ita ma da za ta fita sai da ta ce kekena na ƙara, in sa masa mai mana. Na ce na sani.

Juma'a, da hantsi

Ruwan ya ƙafe, kwana biyu audugar na fitowa a bushe. Ya shanye maganin har ƙwayar ƙarshe, ni na tsaya a kansa. Ɗazu da aka buga ƙofar gida da ƙarfi na ga kamar ya juya. Ko kuma inuwa ya gani. Ban tambaye shi ba, tsoron amsar nake.

Lahadi, bayan la'asar

Bari in rubuta shi yadda ya faru, kada in manta ko kaɗan.

Ina kan keke ina haɗa hannun wata riga, rana ta yi sanyi, shi yana ɗaki a kwance, labule a sake. Hankalina na kan ɗinkin, na ma daina sauraron ƙarar don ta zama 'yar gida. Sai na ji an yi gyaran murya daga ciki.

"Tela."

Na ɗaga ƙafa daga kan keken. Muryar ba irin ta kwanakin nan ba ce mai tsaga kunne, tasa ce ta da.

"Taka kuma in ji."

Na taka. Ɗinkin ya karkace ya bar layi, ban damu ba.

"Tun yaushe keken nan ke wannan kukan kika zuba masa ido? Notin ƙasa ne ya saki. So kike sai ya cinye ƙarfen?"

Na kifa kaina a kan rigar mutane na yi kuka mai isata. Ya fito yana jan takalmi, riƙe da sufana, yana ta faɗa wai mace da keke a gabanta shekara da shekaru ba ta san in abu ya fara ƙara ana gyara shi da wuri ba. Shi, shi ke gaya mini wannan. Ya durƙusa ya ɗaure notin, murɗa biyu, ya ce in taka. Keken ya tafi sumul.

Ya ce har yanzu kamar ta cikin bargo yake ji, kuma na san sai an koma an gwada kafin a san nawa ya dawo. Ran Alhamis za mu je, shi da kansa ya tuna mini.

Da ya miƙe zai koma ɗaki na zagaya ta hagunsa, na ce sarkin taurin kai. Sannan na dawo ta dama na ce sannu da aiki, Injiniya, me za ka ci? Ya ce duk abin da na dafa, amma in rage gishiri.